Uwar Bakwai da Matashin Gwaggo Jimina

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta iso mu ji ta."

"A'a, murya biyu na ji, ku kuwa huɗu ne. Hansatu, jawo ƙaninki kusa da ni, kar ya zauna a bakin ƙofa. Yauwa. Na ce ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta iso mu ji ta, Inna!"

To, ku kasa kunne.

Wata Kaza ce aka yi, wake-wake, ba wata babba ba. Ta yi kwanci kwana ashirin da ɗaya, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki bakwai. Daga ranar nan unguwa ta manta da sunanta, kowa sai ya ce Uwar Bakwai.

Uwar Bakwai ba ta da natsuwa. Ta duba yara da safe, ta duba da rana, ta kuma dubawa kafin ta haɗiye tsaba. Kuma da dalilinta, don a sararin unguwar nan akwai Shirwa. Da hantsi take fitowa, lokacin da 'yan tsaki suka bazu a juji suna tono. Kaza ba ta da ƙaho, ba ta da haƙori. Wuyanta kaɗai gare ta. In wuya na juyawa, za ta hango Shirwa tun daga nesa, ta yi kira, yara su shige ƙarƙashin fiffike.

Kullum da yamma sai ta tsaya a bakin akurki ta rera:

"Kut-kut-kut, 'yan ƙwaina,
wa ya dawo, wa ya rage?"

Su kuma su amsa mata. Ku amsa mana.

"Ciyau, Inna, ga mu nan,
ciki ya cika, ƙafa ta gaji!"

Madalla. Haka suke yi.

Mijinta Zakara ne, mai alfahari da dangi. Ba ya cara uku bai ambaci gwaggonsa ba, wato Jimina, wadda take zaune can arewa. Da labarin haihuwa ya kai mata, sai ta aiko da kayan barka. Wani tsohon Jaki ne ya ɗauko. Aka kwance ƙunshi a tsakar gida, sai ga matashin kai na jar fata, da ado a kusurwa huɗu. Tsayinsa ya kai turmi.

Jaki ya dubi matashi, ya dubi Kaza. Ya ce, "Wa zai kwana a kan wannan?"

Zakara ya ce, "Kai dako aka ba ka, ba shawara ba. Sha ruwa ka kama hanya." Ya juyo wajen matarsa yana taƙama. "Kin gani ko? Dangin wasu gero suke aikowa. Dubi abin da nawa dangin suke aikowa."

Kaza ta ce, "An gode, Maigida, Allah ya saka da alheri. Sai dai, bai yi ɗan tsayi ba kuwa?"

"Kyautar Gwaggo za ki tsaya aunawa? So kike a ji a arewa cewa matar ɗanta ta raina mata kaya?"

Kaza ta sunkuyar da kai. Kayan suruka ne, ba a turawa gefe. Da ma wani ɗan tsumma take naɗewa ta ɗora kai. Zakara ya ɗauke shi da baki ya cilla bayan katanga. Shi ko a jikinsa, don a kan reshen dalbejiya yake kwana a tsaye, bai san ciwon matashi ba.

Da aka kwanta, Uwar Bakwai ta miƙa wuya, ta miƙa, ta ƙara miƙawa, da ƙyar kanta ya kai saman matashin. Jiki a ƙasa, kai a sama, kamar an rataye ta. Ta juya nan, ta juya can. Ta sauke kai, ta tuna kunyar suruka, ta mayar. Haka ta kwana.

Gari ya waye, wuya ya ƙage. Ya karkace hagu ya tsaya cak. Tana tafiya gabas tana kallon arewa.

Sai ga Hankaka ta sauka a kan katanga. Ita ce dillaliyar unguwa, gida-gida take bi da ƙunshinta, ba abin da ba ta sayarwa, ba labarin da ba ta ɗauka.

"Salamu alaikum, masu jego! Uwar Bakwai, wa kike harara tun da sassafe?"

"Ba harara ba ce, Dillaliya, wuya ne."

"Ayya! Wane gefe ne ba ya juyuwa?"

"Dama."

"Dama. Ayya, dama. Allah ya sawwaƙe."

Ta tashi fir.

Hantsi ya yi, aka fita juji. Uwar Bakwai tana ta kallon hagu, sararin hagu fes, ko tsuntsu babu. Sai ta ji fuuu daga dama. Ta ji ciyau ɗaya, siririya, tana yin sama. Kafin ta juya jikinta gaba ɗaya, an gama. Ni ko faɗarsa ba na so.

Da yamma ta tsaya a bakin akurki.

"Kut-kut-kut, 'yan ƙwaina,
wa ya dawo, wa ya rage?"

Murya shida ta amsa.

Maƙwabta suka shigo jaje. Agwagwa, wadda gidanta ke jikin nasu, ita ta fara cewa, "Sannu, Uwar Shida. Sai haƙuri." Sunan ya soke ta kamar ƙaya. Agwagwa ta ɗauko muciya ta murza mata a wuya sau uku, ta ce haka kakarta ke yi. Wuya ya ɗan saki, amma ciwo na nan.

Ana cikin zaman jaje sai ga Hankaka da ƙunshi.

"Uwar Shida, jiya ban runtsa ba don tunaninki. Wannan dutsen fata da kike kwana a kai, ai ko raƙumi sai ya yi kuka. Ga naki na kawo miki. Auduga ce zalla. Taɓa ki ji."

Kaza ta sa ƙafa ta danna. Ƙafa ta nutse har gwiwa. Laushi kamar kumfar sabulu.

Ranta ya ce mata, kwanta ki gwada. Ta saci kallon baƙi, tsakar gida cike da 'yan jaje. Matar aure ta miƙe a ƙasa da rana tsaka gaban mutane? Ta ce, "Ba sai na gwada ba, ai ido ya gani." Ta auna wa Hankaka tsaba, ta ɓoye matashi a bayan tukunya.

Da Zakara ya hau reshensa, ta ture jan matashi gefe, ta jawo sabon. Ta ɗora kai. Kai ya tafi, ya tafi, har ya taɓa ƙasa. Auduga ta taso ta rufe mata hanci. Ta yi atishawa, yara suka farka. Ta lallashe su, ta koma. Sai ta ji wani abu na tsikarin kuncinta. Ashe audugar ba a gurje ta ba, angurya ce cike a ciki.

Ba a jima ba ta ji ƙus-ƙus a kunnenta.

"Gafara dai, baiwar Allah. Ɗaga kanki kaɗan."

"Wane ne?"

"Ɓera ne. Abincinmu na ƙarƙashin kanki."

"Matashina ne!"

"Matashinki ne daga sama. Daga ƙasa rumbunmu ne. Ɗaga, iyali na jira."

Ta kore shi, ya dawo da matarsa. Ta kore su, suka dawo da surukai. Ta tashi ta lalubi yara, shida, ta kwanta. Ta sake tashi ta laluba. Kafin asuba matashi ya zama tsumma, audugar duk ɓeraye sun ɓata ta da ƙazanta.

Gari ya waye, wuya ya koma ɗaya gefen. Yanzu dama take kallo, ga ido ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

Hankaka ta sauka a katanga.

"Uwar Shida, yaya aka ji da laushi?"

"Dillaliya, angurya kika sayar min."

"Ni? Haba! Yadda aka ba ni na kawo. Amma yaya wuyan? Har yanzu daman ce?"

"Yau hagu ce."

"Hagu. Ayya, hagu. Allah ya kawo sauƙi."

Fir, ta tashi.

Kaza ta ce yau ba mai fita. Ta rufe akurki. Yara suka yi ta kuka, "Inna, yunwa! Inna, yunwa!" Ta ce su yi haƙuri. Suka tsattsagi bango, suka tsattsagi ƙafarta. Tsabar gidan kuwa ta tafi wajen Hankaka. Da ta ga ƙaraminsu ya zauna ya kasa tashi, sai ta buɗe. Ta ce, "Ku tsaya ta damana inda nake ganinku. Kun ji? Kar wanda ya bi hagu."

Amma yaro yaro ne. Wata fara ta yi tsalle ta bi hagu, ɗaya ya bi ta.

Fuuu.

Da yamma murya biyar ta amsa waƙa.

Agwagwa ta leƙo ta katanga. "Uwar Biyar, ina jin ki daina wannan waƙar, tana tayar min da hankali."

Kaza ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Ta shiga ɗaki ta fito. Ta je bayan katanga neman tsohon tsummanta, akuya ta riga ta cinye. Tana dawowa ta tarar da Hankaka na jiranta, ta ajiye wani ɗan dutsen niƙa a gabanta, faffaɗa, sumul.

"Na gano kuskurenmu, ƙawata. Wuya ba ya son laushi. Gyara yake so. Dubi can."

Ta nuna Ƙadangare, yana kwance a kan katanga yana shan rana.

"Kin taɓa ganin wuya mai lafiya irin nasa? Wuni yake yana ɗagawa yana saukewa. A kan me yake kwana? Tambaye shi da bakinki."

Kaza ta juya jikinta duka ta fuskance shi. "Malam Ƙadangare, wai a kan dutse kake kwana?"

Ƙadangare ya gyaɗa kai.

"Kuma yana gyara wuya?"

Ya gyaɗa kai.

Hankaka ta ce, "Kin ji ko? Malami ne, ba ya yawan magana."

Ku dai kun san ƙadangare. Ko zaginsa aka yi, gyaɗa kai zai yi. Amma wadda ta kwana biyu ba barci, ta rasa 'ya'ya biyu, ko me aka miƙo mata karɓa za ta yi.

Ta kwana a kan dutse. Sanyi ya shiga kunnenta. Dutsen ya yi ƙasa da yawa, kai ya rinjaya, kafaɗa ta tokare. Ta juya, ƙashin kuncinta ya yi ƙara. Ta sa ƙafa a ƙarƙashin kai, ƙafa ta mutu. Ta zauna, ta kwanta, ta zauna, har mijinta ya yi cara.

Gari ya waye, wuya ya sunkuya. Baki ya manne a ƙirji. Ba hagu, ba dama, ba sama. Ƙasa kawai take gani da yatsun ƙafarta.

"Uwar Biyar, yau kuma wane gefe?"

"Ba gefen da ya rage, Dillaliya."

"Ayya! Ba gefen da ya rage. Dutsen ne yake aiki, ki ba shi kwana uku."

Da hantsi ta fito da yara, amma ba ta kai su juji ba. Ta tsayar da su a gindin kaskon ruwa, ta ce su yi tono nan kusa. Ta tsaya kanta a sunkuye bisa kasko. Ruwan ya kwanta luf. Sai ta ga sama a cikin ruwa. Ta ga gajimare, ta ga bakin katanga. Ta ga Hankaka a kan katanga ta ɗaga fiffike ɗaya tana kaɗawa, tana nuna ƙasa. Can sama kuma ga Shirwa tana shawagi, tana kallon fiffiken nan.

Kaza ta ƙwala kira, "Kurrr! Ku zo! Ku zo!"

Huɗu suka shige ƙarƙashinta. Na biyar yana bayan turmi, ya rugo, ita kuma ba ta ganin ta inda zai fito balle ta tare shi. Taku uku ya rage masa.

A cikin ruwan kasko ta ga an yi sama da shi. A cikin ruwan kuma ta ga Hankaka ta tashi ta bi bayan Shirwa, za ta karɓi rabonta.

Ran nan ba a yi waƙa ba.

Zakara ya sauko da yamma yana gyara murya. "Uwargida, an aiko. Gobe Gwaggo za ta zo ganin jikoki. Ki fito da matashin nan ki goge shi da mai, ki ajiye inda za ta gani. In ta tambaya, ki ce ba ki taɓa barci mai daɗi irin na kwanakin nan ba."

"Jikoki nawa za ta gani, Maigida?"

Zakara ya juya, ya koma reshensa.

Washegari Gwaggo Jimina ta iso. Sai da ta ranƙwafa sau biyu kafin ta shiga zaure. Unguwa ta taru kallo. Aka shimfiɗa mata tabarma uku, aka jingina jan matashi a gefenta. Kaza ta durƙusa ta gaishe ta, kai a ƙirji.

Gwaggo ta ce, "Kai, yarinyar nan da kunya take. Ko ɗaga ido ba ta yi. Ɗana, ka yi dace."

Zakara ya kumbura.

Kaza ta ɗebi ruwa ta kai wa tsohon Jakin nan, shi ya ɗauko kayan Gwaggo, an ɗaure shi a turke a gefen tsakar gida. Ya sha, ya dube ta.

"Ran da na zo bakwai na gani."

"Huɗu suka rage, Baba Jaki."

"Wuya ne?"

Ta ba shi labari tun daga fata har dutse. Jaki ya juya mata baya. Ita ba ta iya ɗaga kai, sai ya durƙusa don ta gani. Tabo ne fari, faɗin tafin hannu.

"Akumarin wani jaki aka ɗora min shekara uku. Kin san akumari, shimfiɗar da ake sa mana a baya kafin kaya. Mai kyau ne, kowa na yabawa. Amma a bayan wani aka auna shi. Sai da na samu ubangida mai hankali, ya farke shi, ya rage nan, ya ƙara can, yana ɗorawa yana dubawa, sannan na huta. Ke wa ya auna ki?"

"Ba wanda ya auna ni."

"Da me kika gwada na biyun?"

"Da ƙafa."

"Ƙafar ce za ta kwana a kai? Kwanta a gefenki in gani."

"A nan? Baba Jaki, surukata ce zaune can. Ga mijina, ga duk unguwa."

"To, tashi ki je ki yi ta kunya. Gobe in na zo sai in ce sannu Uwar Uku."

Kaza ta yi taku ɗaya baya, ta dawo. Yaran huɗu suna kewaye da ƙafarta, su kaɗai take iya gani. Sai wata inuwa ta gilma a ƙasa, mai fiffike biyu, ta ratsa ta kan yaran, ta wuce, ta sake dawowa a hankali.

Kaza ta kwanta. A tsakar gida, da rana tsaka, a gaban suruka, ta miƙe a gefenta.

Hira ta tsaya cak. Agwagwa ta ce, "La'ilaha!" Zakara ya taso yana tuntuɓe. "Ke! Me kike yi? Tashi! Gwaggo, zafi ne, zafin rana ne ya taɓa ta!"

Ba ta tashi ba.

Jaki ya karyo karan dawa da haƙori, ya tsayar da shi a ƙasa daga kafaɗarta zuwa kuncinta. Ya gutsure inda ya kai. Ɗan guntu ne, bai wuce gaɓar yatsa ba.

"Ga iyakar abin da kike nema. Ramin nan da ke tsakanin kafaɗa da kunci, shi za a cike, wuya ya miƙe daidai da gadon baya. In ya fi haka, ya ɗage ki. In bai kai ba, ya rataye ki. Kuma ki sami abin da in kin danna zai karɓe ki, in kin ɗaga ya taso. Audugar rimi, busasshiya, wadda aka tsince 'ya'yanta."

"A ina zan samu?"

Jaki ya juya kunne ɗaya wajen jan matashin da ke gefen tabarmar Gwaggo. "Ni na ɗauko shi daga arewa. Na san ƙanshin abin da ke ciki."

Kaza ta miƙe. Ta ratsa ta tsakiyar baƙi, kai a ƙirji, yara huɗu a bayanta. Ta durƙusa gaban Gwaggo Jimina.

"Gwaggo, ki yafe min abin da zan yi."

Ta sa ƙafa ta kama jan matashi, ta ja da farce. Kyaaat! Fata ta yage. Audugar rimi ta yi tsalle ta fito, an danne ta shekara da shekaru. Ta cika tsakar gida, ta hau kan baƙi, ta shiga hancin Zakara.

"Wayyo, ta kashe ni! Gwaggo, ba da sanina ba! Atsha! Yau za ta tafi gidansu! Atsha!"

Kaza ba ta kula shi ba. Ta ɗebi auduga, ta yagi ɗan ƙyalle daga bakin ƙunshi, ta naɗe. Ta kwanta ta gwada. "Ya yi yawa." Ta rage. Ta kwanta. "Ya yi kaɗan." Ta ƙara. Ta kwanta na uku, Jaki ya sa kara ya duba, ya ce, "Nan ne." Ta ji wani abu ya saki tun daga ƙeya har kafaɗa.

Duk ido ya koma kan Gwaggo. Ta miƙo dogon wuyanta, ta sauko da kai har ƙasa, ta dubi Kaza ido cikin ido.

"Kwana nawa kika yi a kansa?"

"Ɗaya, Gwaggo."

"Ɗaya! Ni shekara tara na yi. Surukina Raƙumi ne ya ba ni ran da na tare. Kin ga wuyan nan nawa ba gashi? Shi ya cinye. Na rasa yadda zan yi da shi, sai na ji an yi haihuwa a gidan nan." Ta dubi yaran huɗu, ta yi ajiyar zuciya. "Da na san abin da zai ci, da a rijiya na jefa shi." Sai ta juya ta ce, "Kai, mai kara, zo nan."

Gwaggo Jimina ta ture tabarma, ta miƙe a ƙasa tun daga zaure har bakin rumbu. "Auna ni."

Zakara ya je ya kama tsince auduga daga jikin baƙi.

Kwana uku Gwaggo ta yi a gidan. Ita ke tsayawa a juji da hantsi, kanta ya wuce katanga, ba abin da ya isa ya sauko. Kaza kuwa ta yi barci. Daren farko wuya ya ɗaga. Na biyu ya juya hagu. Na uku ya juya dama. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ran da Gwaggo ta tafi, Kaza ta fito da yara, ta mayar da baki ƙirji, tana jan ƙafa. Sauran audugar rimi na tare a gindin katanga. Ba a jima ba sai ga mai ƙunshi.

"Uwar Huɗu! Na ji kin yi baƙi, shi ya sa ban leƙo ba. Yaya wuyan?"

"Yana nan yadda kika bar shi, Dillaliya."

"Ko kaɗan bai ɗaga ba?"

"Ƙasa kawai nake gani."

"Ayya. Ki ci gaba da dutsen."

Hankaka ta gyara tsayuwa a kan katanga, ta ɗaga fiffike. Kaza ta ce a ranta, in wuyan nan ya ci amanata yanzu fa? In ya ƙage a tsakiya fa? Ta jira. Ta ji iska ta canja.

Ta karkata kai, ido ɗaya ya kalli sama. Ga Shirwa ta naɗe fiffike tana sulalowa.

"Kurrr!"

Ɗaya, biyu, uku, huɗu, duk suka shige. Ta baza fiffike ta rufe su, ta ɗaga kai tsaye, baki a buɗe. Shirwa ta iso ta tarar da baki maimakon tsako. Kaza ta kai mata sara a ƙafa. Shirwa ta kauce, ta daki ƙasa, ta tashi da ƙura a baki. Ta yi sama ta juyo, idonta ja, ta nufi katanga.

"Ke kika ce min ƙasa kawai take gani!"

"Ranki ya daɗe, haka ta ce! Wallahi haka ta..."

Shirwa ta shaƙe ta a wuya, ta girgiza, ta yar. Hankaka ta faɗa cikin tarin audugar rimi, wuya duk rauni. Auduga ta manne a wuya da ƙirji, ta ƙi fita. Ku duba hankaka gobe, farin nan yana nan.

Da yamma Kaza ta tsaya a bakin akurki.

"Kut-kut-kut, 'yan ƙwaina,
wa ya dawo, wa ya rage?"

Ku amsa.

"Ciyau, Inna, ga mu nan,
ciki ya cika, ƙafa ta gaji!"

Huɗun nan duk sun girma, har suka yi nasu 'ya'yan.

Amma Kaza ba ta ƙara yarda ta bar matashinta a ɗaki ba. Tana tsoron wata rana a sake aiko da kayan barka, a cillar mata da shi bayan katanga. Sai ta cusa shi a ƙarƙashin fiffike, take yawo da abinta. Shi ya sa in kun ɗaga fiffiken kaza za ku ji laushi a wurin, kuma in za ta yi barci sai ta juya kai ta tura shi can. Tsoron ƙagewar wuya ma bai bar ta ba. Duk taku ɗaya sai ta motsa shi gaba da baya, ta ji ko yana nan lafiya.

Ku ma in za a yi muku matashi, ku kwanta a auna da wuyanku. Kar ku karɓa don na wane ne, kar ku gwada da hannu ku ce ya yi. In kuma abu na cutar da ku, ku buɗe baki ku faɗa min, ko wa ya ba ku shi.

Ƙurunƙus, kan ɓeran da ya ci angurya. Ƙarya ce na shirya muku, amma ta wuyan gaskiya ce. Kowa ya gyara kwanciya.